Wata Shida na SIWES: A Ina Kuka Yi Naku, Kuma Me Ya Haifar Muku?

Ɗan Unguwar Sanusi:

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jihar Kaduna, ina aji uku a sashen fiziks, kuma zango mai zuwa za mu fita SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, na wata shida. Wurare biyu ne a gabana. Kawuna ya samo mini gurbi a wata ma'aikatar gwamnati, ya ce ba sai na riƙa zuwa kullum ba, za a sa mini hannu a logbuk, wato littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi kullum, a buga hatimi. Na biyun kuwa wani mai haɗa sola ne a Barnawa, wanda ya yarda zai karɓe ni, amma ba zai biya ni ko sisi ba, kuma dole in isa shago da ƙarfe takwas. Mahaifiyata ta fi son na Kawu saboda kuɗin mota. Ina roƙon yayyenmu da iyayenmu da suka wuce wannan mataki su faɗa mini inda suka yi nasu, da abin da ya haifar musu bayan kammala karatu.

Maman Hanifa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Irin gurbin da Kawunka ya samo maka shi na karɓa a lokacina, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Kemistiri na karanta. Wata shida na yi ina leƙa wani ofis sau biyu a mako, in zauna kusa da masinja har azahar, in dawo gida in cike logbuk da ayyukan da ban taɓa yi ba. Maki mai kyau na samu, don haka ban ga wata asara ba a lokacin.

Asarar ta bayyana ne bayan na gama bautar ƙasa, ranar da wani kamfanin ruwan roba ya kira mu intabiyu domin ɗaukar mai duba ingancin ruwa. Mu bakwai ne. Matar da ke shugabantar ɗakin gwajin ba ta buɗe takardun kowa ba. Ta ajiye kofin ruwa da na'urar auna tsamin ruwa a gabana, ta ce in saita na'urar in auna. Na san bayanin abin a takarda tun daga aji ɗaya, amma hannuna bai taɓa riƙe ta ni kaɗai ba, sai na tsaya ina juya ta, hannuna yana rawa. Yarinyar da aka ɗauka sakamakonta bai kai nawa ba, amma ta yi SIWES ɗinta a ɗakin gwaji na gaske. Sai da na yi wata takwas ina aikin sa-kai a wani ɗakin gwaje-gwaje, da aure da goyo, kafin na cike giɓin da wata shida kacal za su iya cike mini tun ina budurwa.

Injiniya na Tudun Wada:

Ni a Kadpoly na yi karatu, fannin injiniyan kanikanci. Mu 'yan foliteknik, ban da SIWES na wata huɗu, akwai shekara guda cur ta sanin makamar aiki tsakanin ND (ƙaramar difloma) da HND (babbar difloma), kuma yawancin abokaina sun ɗauke ta hutu ne. Ni mahaifina ya kama hannuna ya kai ni Panteka wajen wani abokinsa mai ƙera injin niƙa da na sussukar masara. Gaskiya da farko raina bai so ba, ina ganin ina da difloma amma an haɗa ni da yaran da ba su gama firamare ba.

A makon farko Oga ya miƙo mini wani shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ya ce in rage kaurinsa a kan injin lesi mai feƙe ƙarfe yadda boris zai zauna a jikinsa daram. Na yi lissafina, na yanka, boris ya shiga yana lilo. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki ƙarfen ya shafa da babban yatsansa, ya ce, "Ɗan boko, takarda ba ta gaya maka ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi ba? Ka bari ya huce kafin ka auna." An koya mana wannan a aji, har jarrabawa na rubuta a kansa, amma a ranar ne na san shi. Da na koma HND, darussan da suka riƙa kayar da mutane sun zame mini kamar tuna baya, kuma furojet ɗina na ƙarshe a rumfar Oga na ƙera shi. Yanzu ina da wurina da yara biyar, kuma kwastomomina na farko duk ta hannunsa suka zo. Ka je wajen mai sola, ƙanena. Mai fiziks da ya iya lissafin nauyin wutar gida, ya san girman inbata da yawan batir da ya dace, ba zai zauna haka ba a garin nan, ganin yadda wutar lantarki take.

Baba na Kakuri:

'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, ta ƙirƙiro SIWES ne a 1973, saboda masu masana'antu suna kukan cewa ana yaye ɗalibai da ilimi a kai amma hannu bai san aiki ba. A zamaninmu abin da sauƙi, domin Kakuri cike take da masaƙu tun daga masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957, ga kamfanin haɗa Fijo, ga matatar mai da ta zo a 1980. Inda ka yi horo, sau da yawa nan za a riƙe ka. Haka aka riƙe ni a ɗaya daga cikin masaƙun, na yi shekara goma sha tara.

Abin da nake so ku ji shi ne abin da ya biyo baya. Da masaƙun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, na ga magidanta ƙwararru, waɗanda ba wanda ya fi su sanin injin saƙa, sun koma acaba da gadi, domin gwanintarsu ta mutu tare da injin. Ni abin da Allah ya tsamar da ni da shi shi ne, a lokacin horona na manne wa masu gyaran lantarki na masaƙar, na koyi naɗin wayar moton lantarki da haɗa allon wuta. Da shi na aurar da 'ya'ya huɗu. Saboda haka idan ka je wajen mai solar nan, kada ka tsaya ga ɗaura faranti a kan rufi kawai. Ka koyi wayarin, ka koyi gano matsala, ka lura da yadda yake yi wa mai gida kuɗin aiki da yadda yake sayo kaya. Allah ya yi maka albarka.

Anti Akanta:

Ina girmama abin da Baba da Injiniya suka faɗa, amma ba na so a ɗauka cewa duk wanda ya je ofishin gwamnati ya yi asara. A ma'aikata na yi nawa, a sashen kuɗi, kuma an faɗa mini irin abin da aka faɗa wa ƙanenmu, cewa ba sai na zo kullum ba. Na riƙa zuwa kullum. Akwai wani dattijo da ya kusa ritaya, shi ke shirya takardun biyan kuɗi. Na roƙe shi in riƙa taya shi, ya koya mini daidaita lissafin banki da littafin kuɗi, ni kuma na riƙa shigar masa da su a Excel. Shi ne ya fara ba ni labarin jarrabawar ATS ta ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, na yi rajista tun kafin in gama makaranta, kuma wasiƙar shaida da ya rubuta mini ita ta buɗe mini aikina na farko.

Sannan maganar mahaifiyarka ba abin yarwa ba ce. Daga Unguwar Sanusi zuwa Barnawa, zuwa da dawowa, kwana shida a mako har wata shida, kuɗi ne mai yawa ga gidan da ake lissafin cefane. Ka zauna ka ƙirga shi da biro, kuma kada ka ɗora lissafinka a kan alawus ɗin SIWES da ba ka riƙe a hannu ba. Tambayar da zan so ka yi wa kowanne daga cikin wuraren biyu ita ce: wane ne zai tsaya a kaina, kuma me zan iya yi da hannuna a ƙarshen wata na farko? Ga fiziks dai, ina zaton mai solar ne zai ba ka amsa.

Maman Hanifa:

Na yarda da Anti. Ko ni da na sami mai tsaya mini, ko kuma na nema da kaina, da labarina ya bambanta. Ka kuma tabbatar jami'in SIWES na sashenku ya amince da wurin kafin ka fara, kada ka sha wahala a ce ba a san da shi ba.

Ɗan Unguwar Sanusi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na je Barnawa na yi wa mai solar tambayar da Anti ta ce. Ya nuna mini wani yaronsa da zan riƙa bi, ya ce a watan farko zan koyi haɗa batir da gwajin waya, kuma duk ranar da aka fita aiki gidan kwastoma akwai kuɗin abinci da na mota. Na karanta wa mahaifiyata abin da Maman Hanifa da Baba suka rubuta, ta yi shiru, sannan ta ce za ta yi wa Kawu magana da kanta don kada ya ga kamar an raina ƙoƙarinsa. Ranar Litinin zan kai takardar wurin ga jami'in sashenmu ya duba.