Na ƙara tanderu amma riba ba ta motsa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gidan burodi a Jos. Na ƙara tanderu na biyu, burodi ya yawaita, amma masu sa shi a leda sun kasa cim masa. Direba sai ya makara, kafin ya isa Taminus masu shayi sun saya a wani wuri. Ragowar ta kwana, washegari mu rage kwaɓi, sai kuma ya kasa mu. Kowa yana ƙoƙari a ɓangarensa, matsalar tana tsakaninsu ne, abin yana damuna ƙwarai. Yaya zan gano inda aikin yake maƙalewa kafin in sake kashe kuɗi? In fara auna lokaci daga kwaɓi zuwa kaiwa, ko in fara da odar masu shayi? Don Allah a taimaka.