Wane madabod ya dace da i5-13600K ga mai son ƙara masa gudu?

MaiHaɗaBidiyo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. Ina haɗa kwamfutar tebur, firosesa ya riga ya shigo hannu, Intel Core i5-13600K. Da gangan na ɗauki mai K ɗin, don ina so in ƙara masa gudu ya wuce yadda kamfani ya saita shi, abin nan da ake ce wa obakulok. RAM ina da shi daga tsohuwar kwamfutata, DDR4 guda biyu, kowanne 16GB, mai gudun 3600, kuma ba ni da niyyar rabuwa da su. Aikina haɗa bidiyo, sai ɗan wasa da daddare.

A kan madabod na cije, wato babban faifan da ake dasa firosesa da sauran kayan a kansa. Ga B760 da sauƙin kuɗi, ga Z690, ga Z790, har da wani da ya fi firosesan kansa tsada, sai fitilu kala-kala. Wannan ya rubuta layukan wuta 12, wancan 16, wani 20, kaina ya ɗaure. Dole ne sai Z790? Kuma in na sayi mai araha, ba zai ƙone mini kaya ba? Aljihun dai ba nauyi.

Tsohon_Injiniya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Fara cire B760 daga lissafi. A ɓangaren Intel, bod mai harafin Z ne kaɗai yake buɗe maka ninkin gudun firosesa. B760 zai bar ka ka kunna XMP, wato saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudun da aka rubuta masa, amma firosesan zai tsaya inda aka ajiye shi, ka ga kuɗin K ɗin da ka biya ya tafi a banza. Da AMD ka saya da zancen ya bambanta, can B550 da B650 duk suna yi, masu harafin A ne ba sa yi.

Tsakanin Z690 da Z790 kuwa, ni dai Z690 zan ɗauka in na same shi da rahusa. Shi ya fito a ƙarshen 2021, Z790 ya biyo baya a 2022, soket ɗinsu, wato mazaunin firosesa, ɗaya ne, LGA1700. Abin da Z790 ya ƙara shi ne hanyoyin PCIe 4.0 na jona ƙarin kaya irin su SSD da ɗan ƙarin USB mai sauri. Wannan bai ƙara wa firosesa ko taki ɗaya. Sharaɗi biyu ne. Na farko ka tabbata an rubuta DDR4 a jikin kwalin, domin irin bod ɗaya yana fitowa kashi biyu, kuma DDR4 ba ya shiga ramin DDR5 ko ka danna da ƙarfi. Na biyu, Z690 ya girmi firosesanka, in tsohon BIOS ne a kansa, wato manhajar cikin bod da ke tada kwamfuta, ba zai tashi ba. Nemi mai maɓallin sabunta BIOS a baya, wanda ake yi da filas ba sai an sa firosesa ba. MSI PRO Z690-A DDR4 yana da shi, kuma an daɗe ana yabon sa a wannan aji.

Inda kuɗinka ya kamata ya tafi shi ne VRM, wato kayan nan da ke kewaye da soket. Su ke karɓar bolt 12 daga fawa saflai su sauke shi zuwa bolt ɗaya da ɗoriya da firosesa ke sha. Kamar taransifomar unguwa ce, in an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta sai ta ɗau zafi. Bod na zamani ba kasafai yake ƙonewa ba, sai dai ya rage wa firosesa gudu don ya ceci kansa, kai kuma kana can kana mamakin yadda bidiyo ya ƙi gamawa. Na taɓa gyara wa wani irin haka, bod ne tsirara ba ƙarfen sanyaya ko ɗaya a kan VRM, minti kaɗan da fara aiki sai gudun ya zube.

Lambobin 16 da 20 ɗin nan kada su ruɗe ka. Wasu kamfanonin suna haɗa biyu-biyu a layi ɗaya su ƙirga su daban, wasu suna cusa na RAM da na hoto a cikin jimillar. Duba amfiya nawa kowane ɗaya ke ɗauka, 50 ne ko 60 ko 90, sannan ka duba ƙarfen da ke kansu: mai nauyi ne mai tsaga-tsaga da iska za ta ratsa, ko roba ce aka lulluɓa don ado? Naka firosesan iyakarsa wat 181 a takarda. Ko ka tura shi ya haura 200, matsakaicin bod na Z mai ƙarfe nagari zai riƙe shi ba gumi. Masu layi 20 ɗin an yi su ne don irin su i9-13900K mai wat 253, da masu gasar da ke sanyaya firosesa da ruwan naitirojin.

Lissafi_Dalla:

Yallaɓai ya gama magana a kan bod, amma ni ina da ja kaɗan a kan tafiyar gaba ɗaya. Manyan ƙwayoyin 13600K suna kai 5.1GHz da kansu. In ka yi sa'ar samun mai kyau ka kai 5.5, ƙarin bai cika kashi 8 cikin ɗari ba, a wasa ma da wuya idonka ya gani. Zafin da wutar kuwa za ka gan su sarai. Firosesan yana fara ja da baya a digiri 100, don haka in na'urar sanyayarka ƙarama ce, bod ko na zinariya ne ba abin da zai yi maka. Abin da ka rage a kan bod ka zuba shi a babbar na'urar sanyaya mai fanka biyu. Kuma in tsohuwa za ka ɗora, ramukan ɗaure ta a bod na LGA1700 sun ɗan fi na da tazara, sai ka nemi ƙafafun da suka dace.

Sannan kada ka manta abin da ya faru a 2024. Intel da kanta ta amsa cewa wasu firosesoshin zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta wuce kima har su lalace a hankali. Ta fitar da gyaran da ke zuwa a cikin sabon BIOS, 0x129 a watan Agusta, 0x12B a Satumba, ta kuma ƙara shekara biyu a garanti. Naka yana cikin jerin. Kafin ka taɓa komai sa BIOS na ƙarshe, kuma kada ka bar bolteji a kan Auto kana ɗaga gudu, bod ɗin zai yi ta ɗura masa wuta ba tausayi.

MaiHaɗaBidiyo:

Allah ya saka da alheri, Yallaɓai, ke ma Malama na gode, kin sa jikina ya ɗan yi sanyi amma zan gwada ko yaya ne. Z690 ɗin sabo ya yi wuyar samu, sai na hannu. In saya? Kuma na ga wajen wutar firosesa biyu ne a samansa, fawa saflai ɗina waya ɗaya mai baki 8 gare shi.

Tsohon_Injiniya:

Waya ɗaya ta ishi i5, sa ta a ramin farko ka bar ɗayan. Na hannu kuma ba laifi in ka duba da idonka. Buɗe murfin soket, haska fitilar waya ta gefe, alluran 1700 ne a jere, wadda ta lanƙwashe za ta yi ƙyalli daban da 'yan uwanta. Ka ga ko ɗaya, ajiye musu kayansu. Ka sa a kunna shi a gabanka da RAM a ramuka na biyu da na huɗu.

In ka haɗa, fara da XMP kaɗai ka ga ya zauna. Daga nan ka riƙa ƙara 100MHz, kowane mataki ka saki Cinebench ko OCCT, manhajojin da ke ɗora wa firosesa aiki mai nauyi, kana kallon HWiNFO mai nuna zafi da wuta, akwai layin zafin VRM a ciki in bod ɗin yana da ma'auninsa. Ka san inda Clear CMOS yake, wato abin da ke mai da saitin BIOS yadda ya zo daga kamfani, tun kafin ka rufe akwatin, don ranar da allo zai ƙi kawo hoto shi za ka nema. Turo mana lambobin da ka gani mu duba tare.