Tambaya: tsirkiyoyin bas ɗina suna gogar firet tun da damina ta kankama

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa makaɗa. Ina da gitar bas mai tsirkiya huɗu, ƙirar Squier, wadda na saya a hannun wani a Kaduna cikin hunturu, kuma a lokacin babu abin da zan kushe mata. Da na kawo ta Legas ta yi wata uku lafiya, amma tun da ruwa ya kankama a watan Yuni, tsirkiyoyi biyu masu kauri, E da A, suka fara gogar firet, wato ƙarafan da ke gicciye a wuyan gitar, daga na farko zuwa na biyar, har sautin yana fita a amfilifaya. Na ɗaga jakin da tsirkiyoyin ke hawa a kai, gogar ta ragu kaɗan, sai dai yanzu idan na gangara wajen firet na 12 sai na danna da ƙarfi sosai, kuma bayan wasan biki yatsuna ciwo suke yi. Wani abokin aikina ya ce in murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, ni kuwa ina tsoron ɓata abin da da shi nake ci. Don Allah ina ne ya kamata in fara?

Malam Mai Gyara, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara da mayar da jakin inda yake, domin ba a nan ciwon yake ba. Gogar da ta tsaya a firet biyar na farko alama ce ta cewa wuyan ya miƙe fiye da kima, ko ma ya ɗan karkata baya. An saita gitar ne a busasshiyar iskar Arewa, ta zo nan katakon da yatsu ke takawa ya sha danshi ya kumbura, sai ya tura wuyan baya. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuyan gaba da nauyin da ya kai kusan kilo 80, sandar kuma tana riƙe shi ta ɗaya ɓangaren, don haka aikinta shi ne daidaita lanƙwasar wuya, ba ɗaga tsirkiya ko sauke ta ba.

Kafin ka taɓa komai, ka auna. Ka saita sautin tsirkiyoyin daidai, ka riƙe gitar yadda kake riƙe ta wajen kiɗa, ka sa kafo, wato matsin da ke danne dukkan tsirkiyoyi, a firet na farko, ka danne tsirkiyar E a firet na ƙarshe, sa'annan ka duba tazarar da ke tsakanin ƙasan tsirkiyar da saman firet na takwas. Kamfanin Fender, mai Squier, yana ba da kusan milimita 0.3 zuwa 0.35. Siraran ƙarafan da makanikai ke auna tazarar fulogi da su su ne suka fi dacewa, kuma ana samun su a kasuwar Ladipo. Idan babu, katin kasuwanci na takarda ya kusa wannan kaurin, amma katin ATM ya ninka shi, kada ka auna da shi. Ina kyautata zaton za ka tarar tsirkiyar kwance take a kan ƙarfen.

Idan haka ne, sassauta sandar za ka yi. Ka nemi alankin (Allen key) da ya shiga ramin bakin sandar cif, ba ya wasa ko kaɗan, ka fuskanci kan gitar, ka juya zuwa hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo, kwatan zagaye ɗaya kawai. Ka sake saita sauti, ka bar ta ta huta wasu sa'o'i, ka sake awo. Sai lanƙwasar ta zauna za ka koma kan jaki, inda a firet na 17 za ka nemi kusan milimita 2.4 a ƙarƙashin E da milimita 2 a ƙarƙashin G, tsirkiyar da ta fi siranta.

Baba Obalende:

Abin da Malam ya faɗa haka yake, amma bari in ƙara jan kunne, domin ni na taɓa shan wannan ɗacin. Shekarun baya na ba wani mai gyara bas ɗina, ya sa alankin inci a ramin milimita, ya yi ta murɗawa har kusurwoyin ramin suka cinye suka zama kamar bakin rijiya, daga nan babu alankin da ya sake kamawa, sai da na sauya wuyan gaba ɗaya. Ɗana, idan ka ji sandar ta ƙi motsi, ko ta yi ƙara kamar busasshen reshe, ka cire hannunka ka kai ta wurin wanda ya sani. Kuma ka duba inda kake ajiye ta, domin jingina ta a bango mai sanyin danshi, ko barin ta a bayan mota cikin cunkoson rana, zai mayar da kai gidan jiya. Lokacin da hunturu ya ɗan leƙo Legas a Disamba da Janairu, wuyan zai iya komawa ɗaya ɓangaren, sai ka sake awo.

Mai Bas na Mile 12:

Ina girmama maganar manya, sai dai a ganina alƙaluman kamfani mafari ne kawai. Wanda hannunsa ke da nauyi, ko yake dukan tsirkiya da babban yatsa, yana bukatar tazara fiye da mai taɓawa a hankali, kuma ni kaina na fi son E ɗina ya ɗan ɗara abin da aka ambata. Abu ɗaya da ba a taɓo ba shi ne, bayan motsa jaki dole ka gwada sautin firet na 12 da na'urar saita sauti, wato tuna: idan ya haura yadda ya kamata, ka ja jakin baya don tsirkiyar ta ƙara tsawo, idan ya gaza kuma ka turo shi gaba. Kada ka yi wannan da tsirkiyoyin da suka yi tsatsa, domin ba za su gaya maka gaskiya ba.

Ɗan Agege:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Malam, ka canka daidai, domin ko takarda ba ta shiga ƙarƙashin tsirkiyar ba. Na sassauta kwata ɗaya daren Talata, na ƙara rabin kwata da safe, yanzu katin kasuwancin yana shiga yana ɗan taɓa tsirkiyar, kuma na sauke jakin yatsuna sun huta. Abin da ya rage shi ne firet na uku a tsirkiyar A kaɗai, can ne har yanzu nake jin gogar, sauran duk sun yi shiru.

Malam Mai Gyara, Idi-Araba:

To wannan kuma ba na sanda ba ne, kada ka sake taɓa ta. Mai yiwuwa firet na huɗu ne ya ɗan ɗago daga mazauninsa. Ka ɗora gefen katin ATM ɗin nan a kan na uku da na huɗu da na biyar a layin tsirkiyar A, idan katin ya yi lilo, ka kai gitar wurin mai gyara a zaunar da ƙarfen.