Garin da marubuci ke tunawa, haka yake da gaske?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum. Ina karanta labaran Isaac Bashevis Singer, wanda ya bar Folan zuwa Amurka a 1935, amma har ya karɓi kyautar Nobel a 1978 alƙalaminsa bai daina komawa ƙauyukan Yahudawan Folan da titin Krochmalna na birnin Warso ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda Yaƙin Duniya na Biyu ya shafe unguwannin da mutanensu, ta yaya mai karatu zai bambance abin da marubucin ya tuna da abin da kewa ta ƙera masa?

Tsohon Malami:
Wa'alaikumus salam. Malama, ki duba waɗanda ya fara rubuta wa. Da Yidish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, yake rubutu, kuma jaridar Forverts ta Niyok ce ke buga labaransa kashi-kashi, wato masu karatunsa na farko 'yan garuruwan nan ne da suka san kowane lungu, ba za a yi musu ƙarya a kwana lafiya ba. Sannan bai yi wa Krochmalna kwalliya ba, domin akwai ɓarayi da karuwai da talauci a cikinta, ga kuma ɗakin mahaifinsa, malamin addini, inda ake kawo ƙarar aure da tambayar ko nama ya halatta. Wanda kewa kaɗai ke ja ba ya tuna ɓarayin unguwarsu.

Mai Nazari:
Batun harshen nan ya fi fitowa fili a wajen Yahudawan Iraƙi, waɗanda kusan 120,000 daga cikinsu suka bar ƙasar a 1950 da 1951. Cikin marubutansu, Sami Michael ya fara rubutu da Larabci, daga baya ya koma Ibrananci, ya kuma samu ɗimbin masu karatu a Isra'ila. Samir Naqqash kuwa ya ƙi sakin Larabci har ya rasu a 2004, yana sa wa mutanen labaransa karin harshen Yahudawan Bagadaza a baki, abin da ya sa masu iya karanta shi suka yi ƙaranci.

Ɗalibar Adabi:
Na gode, Malam, sai dai hujjarka ta masu karatun da suka san kowane lungu ba ta hau kan marubuci Aharon Appelfeld ba. An haife shi a 1932 kusa da Czernowitz, birnin da ke cikin Yukren a yau, an kashe mahaifiyarsa yana yaro ƙarami, ya isa Falasɗinu a 1946, kuma da Ibranancin da ya koya bayan isarsa ya yi rubutu, ba da Jamusancin gidansu ba. Ɗan abin da yaro ya riƙe ne a hannunsa, sauran dole ya ƙirƙira, kuma yawancin waɗanda za su iya ce masa ba haka aka yi ba sun mutu a yaƙin.