Wa ke binciken asusun gwamnati a zamanin mulkin mallaka?

Ɗalibar Akanta: Salamu alaikum. Ina rubutu kan tarihin aikin odita, wani abu ya tsaya mini a rai. A ƙasashen da Ingila ta mulka, wa ke duba yadda Gwamna ke kashe kuɗi? Ko shi ne mai kashewa, shi ne mai bincike?

Tsohon Ma'aji: Wa alaikumus salam, 'yata. Ingila ta kafa nata tsarin da dokar 1866, odita yana kai rahoto ga Majalisa. A 1910 aka buɗe sashen binciken kuɗi na ƙasashen mallaka a Landan, da daraktansa. Oditan da aka tura Legas ko Nairobi yana zaune cikin gwamnatin wurin, amma ubangidansa na aiki yana Landan. Shi ya sa Gwamna bai iya rufe masa baki yadda yake so.

Malam Tarihi: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai 'yancin nan na kare kuɗin Ingila ne. Talakan da ya biya haraji ba ya ganin rahoton, ba kuma wanda ya tambaye shi. Wannan ke damuna.

Ɗalibar Akanta: Na gode, Baba da Malam. To, Baitulmalin En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya, fa?

Tsohon Ma'aji: Can kuwa Razdan da Di'o, wato Turawan mulki na lardi da na gunduma, su ne suka fi duba littattafan ma'aji.