Ƙurar hunturu da baƙar mota

Mai Baƙar Camry: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wane kakin goge mota ne ya fi riƙe ƙyalli a wannan ƙurar? Turtle Wax ko Meguiar's?

Na Farin Gada: Wa'alaikumus salam. Da me kake wanke ta tukuna?

Mai Baƙar Camry: Omo, da soson buhu.

Kawu: Subhanallahi! Ɗana, ajiye maganar kaki ka saurare ni. Bara na kai tawa wani wurin wanki a nan Jos, ta sha jar ƙasa tun daga hanyar Bukuru. Ko ruwa yaron bai watsa mata ba, ya ɗauko tsumman da ya gama share taya da shi ya hau bonet. Da yamma lafiya lau na gan ta. Washegari da rana ta ɗaga sai ga zane zagaye-zagaye ko'ina kamar saƙar gizo-gizo. Wallahi ranar ban ji daɗin abinci ba. Ƙurar nan yashi ce, in ka goge ta a bushe samfefa ka sa wa fentinka. Mai fenti ya ce min farin shafin da ke saman launin bai kai kaurin takarda ba, kuma duk gugar inji sai ta ci wani abu a jikinsa. Tun daga nan nake wankewa da hannuna: in fara kwarara ruwa, bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, daga rufi zuwa ƙasa, taya a ƙarshe da nata soson daban.

Direban Titin Bauchi: Kawu, shekara nawa muna wanki da Omo, motar wa ta narke?

Kawu: Taka fara ce, malam, ita ke rufa maka asiri. Omo yana cire kakin da mutum ya sha wahalar shafawa. Sabulun mota ake sa wa.

Direban Titin Bauchi: Mai lodin Bauchi kullum ina ya ga lokacin bokiti biyu?

Na Farin Gada: Kuma a wanke ta a inuwa. In bonet da zafi, ruwan bushewa yake ya bar tabo.

Hajiya Mai Sienna: Tunda an taru, fitiluna sun yi ruwan ɗorawa. Da gaske ne man goge baki yana wanke su?

Na Farin Gada: Yana yi, Hajiya, amma ba ya daɗewa. Rana ce ta cinye shafin robar. Samfefa da ruwa, lamba 1500, sai 2000, sai 3000, a goge, sannan dole a fesa abin kariya daga rana. In ba haka ba za su koma gidan jiya.

Hajiya Mai Sienna: A kasuwar Dilimi zan samu?

Na Farin Gada: Wajen masu kayan fenti, in sha Allah. A liƙe gefen fitilar da salatif kafin a fara.

Direban Titin Bauchi: Ni man birki nake shafa wa taya, baƙi wuluk.

Kawu: Don Allah ka daina. Ɗigo ɗaya ya zauna kan fenti sai ya ɓare shi.

Mai Baƙar Camry: Na gode Kawu, na yar da soson buhun. Amma har yanzu ba a ce min wanne zan saya ba.

Hajiya Mai Sienna: Lamba 1500 ɗin ce farko ko 3000?