Gyara rubutun abokin karatu a kan ganuwar Kano

Ɗalibi daga Maradi:
Assalamu alaikum. Malaminmu na tarihi ya sa mun yi musayar rubuce-rubucenmu domin kowa ya duba na ɗan'uwansa. Wanda ya faɗo hannuna ya yi magana a kan ganuwar Kano, kuma Hausarsa tana da daɗi, sai dai ya ce Muhammadu Rumfa ne ya fara gina ta. Yaya zan nuna masa kuskuren ba tare da na ɓata masa rai ba, alhali ya girme ni?

Malami daga Tibiri:
Wa alaikumus salam, ɗana. Gaskiyarka, domin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya aza harsashinta, Rumfa kuwa faɗaɗa ta ya yi a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499. Ka fara da yaba abin da ya yi daidai, sannan ka tambaye shi inda ya samo maganar, domin idan ya koma ya bincika da kansa, gyaran zai fi zama masa.

Ɗaliba daga Zinder:
Malam ya gama magana kan shekaru. Ni abin da na fi lura da shi a irin waɗannan rubuce-rubuce shi ne, ana jera sunayen ƙofofi amma a manta da ginin kansa, wato tubali da jar ƙasa da ramin da aka haƙa a bayan katangar domin tare dawakin mahara. Ka duba ko ya taɓo wannan.

Ɗalibi daga Maradi:
Na gode, Malam, Allah ya ƙara girma. 'Yar'uwa, ko kusa bai ambaci ramin ba.